Mitata ta fara ƙarya: yadda ake kula da kayan awo a shagon gyara

"Assalamu alaikum, Oga. Ina da ƙaramin shagon gyaran talabijin da inbata da wayoyin hannu a Kano. Da ƙyar na tara kuɗi na sayi osiloskof sabo, na'urar da ke zana yadda wuta ke hawa da sauka a fuskarta, da fawa-saflai mai ba da wuta daidai yadda aka saita, ga mita guda biyu na auna bolt da amfiya da om, ɗaya ta hannu, ɗaya tsohuwa ta kan teburi da na samu a gwanjo. Shekara ɗaya ke nan, amma mitar hannun ta fara ba ni lamba daban-daban a kan batir ɗaya, fankar osiloskof ɗin tana ƙara, fiyus ɗin mita ya ƙone sau biyu har yarona ya ɗaura waya a madadinsa. Me zan riƙa yi musu tun kafin su lalace? Ba ni da halin sake saye."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya a haɗe: yadda kayan nan za su daɗe, da yadda za ka san cewa abin da suke gaya maka gaskiya ne. Na biyun ya fi damuna. Na'urar da ta mutu ta huta, kai ma ka san matsayinka, za ka aro wata ko ka dakatar da aikin. Wadda ke kunnuwa lafiya, lambobi na fitowa tas, amma ta karkace da ɗan kaɗan, ita ce ke sa mutum ya cire kaya masu lafiya daga bod, wato allon da ke ɗauke da kayan cikin na'ura, ya ce wa mai inbata baturansa sun mutu alhali da sauransu, ko ya cika wa batirin waya caji fiye da ƙima. Kamar mudu ne da gindinsa ya loɓa: mai awo bai yi niyyar tauyewa ba, amma hatsin da mai saye ya kai gida bai cika ba.

Na yi shekaru ina kula da kayan awo a ɗakin gwaji na wata makaranta kafin na buɗe wurina, kuma abin da na gani shi ne, a ƙasarmu kayan nan ba tsufa ke kashe su ba. Ƙura ce, da zafi, da wutar da ba ta da tsayayyen hali, sai kuma hannun mai aiki.

Mu fara da waccan wayar da yaronka ya ɗaura

Kafin komai, ka ɗauke mitar nan daga kan teburi yau, kada kowa ya sake aiki da ita sai an sa fiyus na ainihi. Ga dalili. Ramin da ake sa jar waya idan za a auna amfiya, tsakaninsa da ramin baƙar waya kusan babu wata turjiya, hanya ce a buɗe. Duk mai gyara, komai ƙwarewarsa, wata rana zai gama auna amfiya ya manta bai mayar da jar wayar ba, ya kai hannu zai auna bolt. A wannan lokacin ya haɗa wuta baki da baki ta cikin mitar da ke tafin hannunsa. Fiyus ne kaɗai ke tsaye tsakaninsa da gobara. Kai kuma aikinka har da inbata: batir mai amfiya-awa 200 idan aka haɗa bakinsa yana iya tura ɗaruruwan amfiya, har dubbai, cikin ƙiftawar ido. Waya ta narke, roba ta kama, tartsatsi ya nufi fuska.

Kuma ba kowane fiyus ba ne. Na gilashin nan da ake sa wa rediyo ba ya iya katse babbar wuta. Zaren ciki zai narke amma wutar ta ci gaba da tsallakawa ta cikin iska, gilashin ya fashe. Mita mai kyau tana amfani da fiyus na tangaran wanda aka cika da yashi, yashin ne ke kashe tartsatsin. Misali Fluke 87V tana ɗauke da guda biyu, na miliamfiya 440 da na amfiya 11, kowanne na bolt 1000. Ka duba bayan taka mitar ko cikin murfinta, an rubuta irin wanda take so: amfiya nawa, bolt nawa. Duka biyun sai sun dace. Yana da tsada, na sani, amma ka sayi biyu ka ajiye ɗaya, don ranar da babu ne ake ɗaura waya.

Fiyus da ya ƙone sau biyu a shekara kuma yana ba ka labarin ɗabi'ar shagon ne. Ka kafa doka ga kanka da yaranka: da an gama auna amfiya, jar waya ta koma ramin bolt kafin a ajiye mitar. A yawancin mitoci za ka iya gwada lafiyar fiyus ba tare da ka kwance ba. Ka juya zuwa awon om, wato na turjiya, jar waya tana ramin bolt, ka sa bakinta cikin ramin amfiya. Idan lamba ta fito, fiyus na da rai. Idan ta nuna OL, ya tafi.

Me ya sa take ba da lamba daban-daban

Ban ga mitar ba, saboda haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma zan bi da kai yadda nake bi idan aka kawo mini irinta, daga mai arha zuwa mai tsada.

Na farko batirin cikinta. Mutane suna ɗauka idan fuskar mita tana nuna lamba to batir lafiya. Ba haka ba ne. Mita tana kwatanta abin da take aunawa da wani tsayayyen bolt da take haɗawa a cikinta. Idan batir ya yi rauni, wannan ma'aunin na ciki yana sauka, sai lambar da ke fitowa ta hau. Ƙananan mitocin nan masu arha sun shahara da wannan: batirin mota mai bolt 12.4 sai su nuna 13 ko fiye. Na taɓa ganin wani mai sola da ya yi mako yana rage cajin baturan mutane saboda mitarsa tana ce masa sun cika sun wuce, ashe batirin bolt 9 na cikinta ne ya ƙare. Da alamar batir ta bayyana a fuska, kada ka ce bari in ƙarasa wannan aikin.

Na biyu wayoyin awo. Su ne suka fi komai wahala a shago: a ja su, a naɗe su a jikin mita, ayan mai zafi na narka dalma ya taɓa su. Zaren tagullar ciki yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya daidai wuyan tsinken ko wuyan filogin, roba kuwa tana nan lafiya a ido. Ka juya zuwa om, ka haɗa bakunan biyu. Wayoyi masu lafiya za su nuna tsakanin om 0.1 da 0.3, ko kusa da haka. Yanzu ka riƙe su a haɗe, ka riƙa lanƙwasa wayar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Idan lambar tana tsalle, ka samo ɓarawon. Kada ka naɗe da salatif, ka sayi wasu. Kuma ka daina naɗe su tamau a jikin mita. Ka rataye su a ƙusa su sauko a miƙe.

Na uku ramukan da makunnin juyawa. Ƙura da gumi suna taruwa cikin ramukan, su zama wata siririyar hanya da wuta ke bi. Ka cire batir, ka kife mitar ka kakkaɓe, sannan ka sa auduga a tsinke ka jiƙa da sifirit na gyaran lantarki, wato aisofurofil mai kashi 99, ka goge kowane rami, ka bari ya bushe. Idan lamba tana canzawa duk sanda ka ɗan taɓa makunnin, to tagullar da ke ƙarƙashinsa ta yi datti. Ana buɗewa a goge da sifirit ɗin nan, amma ka buɗe a kan farin ƙyalle, don akwai 'yan ƙananan ƙarafa da sifirin da idan suka faɗi ƙasa sai an sha wuya. Kada ka kankare da reza ko sanfefa. Ruwan zinaren da ke kai siriri ne, idan ya tafi tsatsa ce za ta maye gurbinsa.

Sai kuma wani abu da ya kamata ka sani don kada ka zargi mita da laifin da ba ta yi ba. Kowace mita tana da iyakar kuskuren da kamfani ya yarda da shi. Idan takardarta ta ce kashi 0.5 cikin ɗari da ƙarin 2 a lambar ƙarshe, to a kan batir mai bolt 12.60 tana iya nuna 12.52 ko 12.68 kuma ba ta saɓa alkawari ba. Mita biyu masu lafiya suna iya bambanta da juna da ɗan wannan. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mita ɗaya, batir ɗaya, minti ɗaya, lamba uku. Ka kuma lura da inda ɗan kuskure yake da nauyi: batirin waya ana tsayar da cajinsa a wajen bolt 4.2, wasu sababbi 4.35 ko 4.4, kuma ƙarin 0.1 a nan ba wasa ba ne. A batirin inbata ma, tsakanin cikakke da wanda ya sha rabi bai fi rabin bolt ba.

Hunturu, bazara, damina

Takardun kamfanonin nan idan ka karanta, daidaiton da suka yi alkawari na ɗaki ne mai zafin digiri 18 zuwa 28. Ka dubi shagonka a watan Afrilu, ƙarƙashin kwano, lokacin da waje ma ya haura 40. Na'urar za ta yi aiki, amma kuskurenta yana ƙaruwa da kowane digiri da aka wuce, kuma cikinta yana tsufa da sauri.

Abin da zafi ya fi ci shi ne kafasita mai ruwa, irin masu kama da ƙananan gwangwanaye. Ka san su, kullum kana canza su a talabijin ɗin mutane. To irinsu ne a cikin osiloskof da fawa-saflai ɗinka. Ƙa'idar da masu ƙera su suke bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarta biyu. Wadda aka rubuta mata awa 2,000 a digiri 105, idan tana zaune a 65 za ta kai wajen awa 32,000, idan a 75 take sai 16,000. Ga mai buɗe shago awa 10 a rana, wannan shi ne bambancin wajen shekara tara da shekara huɗu da rabi. Kuma digiri goman nan ba daga rana kaɗai yake zuwa ba. Ƙurar da ta toshe ramukan iska ta isa ta kawo shi, haka ɗora fawa-saflai a kan osiloskof, haka manna bayan na'ura da bango. Ka bar tazarar tafin hannu ta baya da gefe, kada ka ɗora mai zafi a kan ɗan'uwansa, kada rana ta taga ta sauka a kan fuskar na'ura.

Ƙurar hunturu kuwa ba irin ƙurar titi ba ce. Mai yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke ɗauko ta, laushinta kamar garin fulawa, babu ƙofar da ke tare ta. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris fankar osiloskof tana zuƙarta tana tarawa. Ƙarar da kake ji, mafi yawan lokuta ƙura ce ta manne a fikafikan fankar ta sa nauyinsu ya karkace, ko ta shiga cikin gindin ta cinye man da ke ciki. Amma sharrin ƙurar nan na gaskiya ba a hunturu yake bayyana ba. Tana kwance a bushe, ba ta ɗaukar wuta. Sai damina ta shigo, a Yuli da Agusta iska ta yi nauyi da danshi, ƙurar ta sha ruwa ta zama laka mai gishiri a kan bod. Ƙofar awon mita, wato inda ake sa wayar awo, tana da turjiyar om miliyan 10, ta osiloskof miliyan 1. A irin wannan wuri ɗan yoyon wutar da ba za ka kula da shi a talabijin ba ya isa ya karkatar da awo. Shi ya sa nake cewa babbar sharar shekara a yi ta bayan hunturu ya wuce, kafin ruwan farko. Wanda ya bari sai Agusta ya makara.

Yadda ake sharar: a cire wuta, a jira, a buɗe murfi, a hure da busasshiyar iska, da buloya mai sanyi ko robar hura iska ta hannu, ana taimakawa da burushi mai laushi. Ka danne fankar da yatsa lokacin da kake hurawa, don idan iska ta juya ta da gudu tana lalata gindinta, tana kuma iya tura wuta baya cikin bod. Kada ka kai na'urar wurin mai faci ya hure maka. Iskar tankinsa tana fitowa da ruwa da mai, ƙarfinta kuma yana iya fizge ƙananan kaya. Fetur da tina, waɗanda na san ana wanke bod da su a wasu shaguna, kada su kusanci kayan awonka: suna cin roba, suna dusar da fuska, suna barin saura. Idan na'urar tana cikin garanti, kada ka karya hatimin. Ka hure ta ramukan iska daga waje kawai. Idan bayan shara fankar ba ta daina ƙara ba, ka canza ta da mai girma ɗaya da bolt ɗaya. Kuɗin fanka kaɗan ne, abin da take karewa kuwa jarinka ne.

Ka tuna cewa a ɓangaren wutar na'urar akwai babbar kafasita da ke riƙe wajen bolt 325 daga wutar gida ta 230, kuma tana iya riƙewa bayan an cire filogi. Ka auna ta, ka sauke ta da rezista, ɗan kayan nan mai rage gudun wuta, ba da sukundireba ba.

Akwai kuma baƙin da ba a gayyata ba. Kyankyasai suna son ɗumin fawa-saflai, kashinsu da fitsarinsu suna cin tagulla. Tsaka tana shiga ta kwanta kan layin wuta. Na taɓa buɗe wani osiloskof da aka rufe a sito tsawon hutu, na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a jikin fankar, ta kasa juyawa, aka kunna ba a sani ba har ɓangaren wutar ya ƙone. Ka sa tela ya ɗinka wa kowace na'ura riga ta yadi mai kauri, a rufe bayan ta huce. Ba leda ba, leda tana riƙe danshi. Kuma a daina cin abinci a kan teburin aiki.

Ƙananan kaya kamar mitar hannu da tsinkayen awo, da damina ka sa su cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi da na magani. Idan sun ƙoshi ana gasa su a wuta marar ƙarfi, wajen digiri 120, su koma aiki. Duk abin da zai yi wata ba a taɓa ba, a cire masa batir. Ruwan batir idan ya zuba yana cin ƙarfe har bod. Idan ya riga ya faru, ɗan ruwan tsami na lemo ko binega a kan auduga yana kashe farin garin, sannan a bi da sifirit.

Hunturu yana da wani sharrin da ba a gani. Idan iska ta bushe ƙwarai, jikin mutum yana tara wuta, irin wadda ke ɗan tsikarinka idan ka taɓa ƙofar mota. Kafin ka ji wannan tsikarin ta kai wajen bolt 3,000, alhali akwai kayan cikin waya da na ƙofar osiloskof da ƙasa da bolt 100 ke yi wa illa. Illar kuma ba lallai ta nuna nan take ba. Abin ɗaurawa a wuyan hannu, mai rezistar om miliyan 1 a ciki, da shimfiɗar teburi ta musamman, su ne maganin, amma ba su da amfani idan babu wayar ƙasa da za a haɗa su da ita.

Wutar da kake ba su

A nan ne na fi son ka kashe ɗan kuɗin da kake da shi. Shaguna da yawa soket ɗinsu baki uku ne amma waya biyu ce a bayansa, babu wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at. Idan babu ita, jikin osiloskof yakan tsaya a kusan rabin wutar gida ta hanyar ƙananan kafasitocin tace wuta da ke ciki. Wutar ba ta da ƙarfi, ɗan tsikari kawai za ka ji, amma idan ka maƙala kadan tsinken, wato ɗan maƙalin nan mai baki kamar na kada, a bod ɗin waya ta isa ta kashe aisi, ɗan baƙin kayan nan mai ƙafafu da yawa. Ka sa mai wayarin ya kafa maka sandar tagulla a wuri mai danshi, ya jawo waya zuwa soket ɗin teburin aiki, kuma da rani ka riƙa zuba wa wurin ruwa, don busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai. Ayan ɗinka da buloyar zafi su ma su shiga wannan layin.

Da ka samu wayar ƙasa kuma, sai wata doka ta hau kanka. Kadan da ke jikin tsinken osiloskof a haɗe yake da wayar ƙasa kai tsaye. Idan ka maƙala shi a ɓangaren farko na wutar talabijin, wanda ke haɗe da wutar gida, ka haɗa wuta da ƙasa ta cikin na'urarka: tsinken ya ƙone, layin bod ya tashi, wani lokaci har ƙofar awon. Na san abin da wasu ke yi, su karya ƙafar filogi ta uku don su huta. Kada ka yi. Ka mayar da duk ƙarfen jikin na'urar mai wuta ke nan, kuma hannunka yana kai. Hanya ita ce ko dai taransifoma mai raba wuta da za ka ciyar da talabijin ɗin da ita, ko tsinke na musamman mai auna bambancin wuri biyu ba tare da ƙasa ba. Ga aikin inbata, na biyun ya fi.

Lokacin da wuta ta fi kashe kaya shi ne lokacin dawowarta da lokacin sauyi zuwa janareta. Ka sa makunni ɗaya da ke yanke teburin awo gaba ɗaya. An ɗauke wuta, ka kashe shi. An tada janareta, ka bari ya daidaita, manyan kaya su hau, sannan ka kunna. Za a kashe janareta, kai ka riga shi. Ƙaramin janareta idan mai ya kusa ƙarewa yana hawa da sauka, to a nan ne ake asara. Sitabilaiza tana gyara wutar da ta yi ƙasa ko sama a hankali, amma ba ta da saurin tare duka irin na tsawa. Wannan aikin abin kariya ne na daban, wanda shi ma yana gajiya da kowane duka, sai an riƙa canzawa. Tunda kai mai gyaran inbata ne, mafi kyau ka haɗa wa teburin ƙaramar inbata mai tsarkakakkiyar wuta, irin mai lanƙwasa sumul, ba mai hawa-hawa kamar matakala ba. Idan hadari ya taso da tsawa, a zare filogi.

Fawa-saflai kuma, ka saita bolt da iyakar amfiya kafin ka haɗa kaya, kada ka kunna ko ka kashe shi waya tana maƙale, don wasu masu arha suna yin tsalle a wannan lokacin. Idan za ka yi cajin batir da shi ka sa dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a tsakani, saboda idan wuta ta ɗauke batirin yana tura wuta baya cikinsa. Lambar da ke fuskarsa kuma kada ka yarda da ita sai mita ta shaida.

Yadda za ka san suna faɗin gaskiya

Osiloskof ɗinka yana da 'yan ƙarafa biyu a gaba da ke fitar da igiya mai kusurwa huɗu, yawanci mai bugu 1,000 a daƙiƙa. Ka maƙala tsinken, makunnin jikinsa yana kan 10X, ka duba. Idan saman igiyar a miƙe yake, lafiya. Idan kusurwar ta yi tsini ko ta lanƙwashe, ka juya ɗan sukurun jikin tsinken da abin juyawa na roba har ta miƙe. Ana yin wannan duk sanda aka sauya tsinke daga wata ƙofa zuwa wata. Na'urorin zamani irin su Rigol da Siglent da Tektronix suna da saitin kai a cikin jerin umarninsu: ka kunna ta ɗumama minti 30, ka cire komai daga ƙofofin, ka sa ta yi. Ni ina yi a farkon kowane yanayi, tunda zafin shago na Janairu da na Afrilu ba ɗaya ba ne. Amma wannan gyaran cikin gida ne, ba ya maye gurbin gwaji da ma'auni na waje.

Ma'auni na waje a matakin shago ba shi da tsada. Akwai ɗan bod mai aisi AD584 da ke ba da bolt 2.5 da 5 da 7.5 da 10 tsayayyu. Ka haɗa da rezistoci uku ko huɗu masu kuskuren kashi 0.1, misali om 100, da 10,000, da miliyan 1. Ka ajiye su a gwangwani, ba a aiki da su, ba a ara. Ranar farko ta kowane wata, da safe kafin zafi, ka auna su da mitocinka biyu, ka rubuta a littafi: kwanan wata, mita, lamba. Amfanin littafin ya fi na awon rana ɗaya, don shi ne zai nuna maka mitar da ke zamewa a hankali wata bayan wata. A cikinsa kuma ka rubuta ranar da ka canza batir, fiyus, ranar shara. Idan mita ta faɗi ƙasa ko ta sha wuta, kada ka jira farkon wata.

Tsohuwar mitar teburin nan ta gwanjo, ka bincika sunanta da kyau kafin ka taɓa cikinta. Wasu tsofaffin, kamar HP 3478A, suna ajiye lambobin saitinsu a ƙwaƙwalwar da wani ɗan batir ke riƙe da ita. Ranar da batirin ya mutu, ko wani ya cire shi da niyyar canzawa ba tare da ya ba ƙwaƙwalwar wata wutar ba, saitin ya tafi gaba ɗaya. Idan taka irin wannan ce, canza batirin aiki ne na gaggawa kuma na natsuwa. Haka kuma 'yan sukurorin saiti da za ka gani a kan bod: kada ka juya ko ɗaya don ka sa ta yi daidai da ɗaya mitar. Ba ka san wacce ce mai gaskiya ba.

A nan iyakata take, kuma iyakar kowane shago. Abin da na bayyana gwaji ne, yana gaya maka ko na'ura ta karkace. Saiti na ainihi mai takardar shaida sai ɗakin gwaji mai ma'aunan da aka danganta da na ƙasa da na duniya, wanda ke bin ƙa'idar ISO/IEC 17025. A Najeriya hukumar kula da ingancin kaya, SON, ce ke da cibiyar ma'aunai ta ƙasa a Enugu. Kamfanoni da asibitoci sukan kai kayansu duk shekara. Ga gyaran talabijin da waya ban ga dole ka ɗauki wannan nauyin ba, sai ranar da ka fara karɓar aikin da ake neman takarda, ko littafinka ya nuna mitar da ka dogara da ita ta fita daga iyakarta. Ni kaina awon bugu mai tsananin sauri ba na taɓa saitinsa, don ba ni da kayan yi.

Gobe da safe ka fara da batir sabo, sannan wayoyin, sannan ramukan. Bayan haka ka auna batir ɗaya sau biyar da kowace mita, kana cire tsinke kana mayarwa, ka rubuta lambobin goma. Ka turo mini su tare da sunan mitocin biyu da abin da aka rubuta a jikin tsohon fiyus ɗin, sai mu ga ko ta hannun za ta gyaru. Ka gaida yaran shago, kuma ka zaunar da wanda ya ɗaura wayar ka nuna masa ramin amfiya da hannunka.